Ruwan da Matan Ƙauyenmu Suka Kai Gaisuwar Yaya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Yaya dai ya riga mu ne. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya shayar da shi ruwan Alkausara.

Ranar sadakar uku gidansa na cikin Birnin Damagaram ya cika har ƙofa, maza a waje kan tabarmi, mu mata a tsakar gida. Ni ce ƙanwarsa, auta, ni kaɗai na rage a ɗakinmu, saboda haka duk wanda ya gaida matarsa sai ya juyo wajena. Ita kuwa tun safe ba ta ce uffan ba, carbi kawai take ja. Maƙwabcinsa, wani Bakano mai sayar da atamfa a kasuwa, ya leƙo daga zaure ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Tun da muka haɗa katanga da bawan Allah nan ban taɓa ganin ya zubar da ragowar ruwan buta a banza ba. Sai ya nemi gindin itace." Wani tsoho kuma, wanda ya taɓa zama shef ɗinsa, wato shugabansa a wurin aiki, yana share ido da hannun riga yana cewa, "Ya wahalar da mu. Allah Ya jiƙansa, amma wallahi ya wahalar da mu." Mutane suka yi ta kallonsa, ba su san yabo ne ko ƙorafi ba. Ni na sani.

Ana cikin haka sai ga matan ƙauyenmu, can kudu hanyar Droum, inda aka kai ni aure. Motar kasuwa ta sauke su a tasha, suka tako da ƙafa, kowace da bido, wato jarkar ruwa, a ka. Tsofaffi ne yawancinsu, wasu har da sanda. Suka shigo a jere, suka sauke a gaban matar mamaci, suka durƙusa suka yi gaisuwa. Na ji matan birni suna raɗa. "Ikon Allah, gaisuwar mutuwa da ruwa? Ba hatsi, ba goro?" Wata ta ce, "Ƙila sun ji an ɗauke mana ruwa a unguwa ne." Babbar ƴar Yaya ta matso kusa da ni ta ce, "Gwaggo, mene ne wannan?" Na ce ta bari mutane su ragu. Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, ban san baƙi ba. Da suka ragu, ƴar tasa ta riƙe alƙalami, ni na ba da baki, don kada abin ya bi ni ƙasa kamar yadda ya bi sauran.

Ubanmu baduku ne, jakunkuna da sirdi yake ɗinkawa. Yaya aka ɗauka lakwal, ni aka bar ni wajen Inna. Damagaram kuwa, wanda bai sani ba ya sani, a kan dutse take zaune. Allah Ya ba mu sarauta, Ya ba mu fatauci, ruwa kuwa Ya ajiye mana shi nesa. Mun tashi muna bin layi da tulu, muna sayen ruwa wajen ga-ruwa. Ina jin abin da ya kai Yaya aikin ruwa ke nan. Har ya tsufa, in aka ba shi ruwa ba ya kwankwaɗa. Sai ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye, sannan ya ce, "Wannan daga ina?" Baƙi suna jin haushi, mu mun saba.

Wata rana Inna ta ce masa, "Kai wai me kake yi a biron nan, ofishin naku? An ce aikin ruwa kake, ni ko ban taɓa ganinka da guga ba."

Ya yi dariya ya gyara zama. Ya ce, "Inna, sarwis ɗinmu, ma'aikatar ruwa, gida ne mai sassa uku. Akwai masu ruwan birni, akwai masu ruwan ƙauye, akwai masu ruwan dabbobi can daji. Ni ina sashen ƙauye. Aikin kuwa kamar tuwo ne. Mai sussuka daban, mai surfe daban, mai niƙa daban, mai tuƙi daban. Daga Yamai ake aiko da proje, a ce ga garuruwan da za a yi wa, ga lokacin da za a rufe. Sai masu auna ƙasa su je su gano inda ruwa yake kwance, su kafa turke. Masu magana da mutane su je su kafa komite a garin, da wanda zai riƙa gyara. Masu mota mai haƙa su zo su huda ƙasa. Masu famfo su ɗora ƙarfe. A yi buki, a ce garin nan ya samu ruwa, a wuce na gaba."

Inna ta ce, "To wa ke dubawa ko an ci tuwon?"

Ya ce, "Wannan ba a ba kowa ba. Ni na ɗora wa kaina."

Haka kuwa yake. Yaya ba ya zuwa bukin buɗe famfo. Yakan ce ranar buki kowane famfo lafiyarsa lau, kamar amarya. Sai an kwana biyu, an manta, ya sa direba ya karkata hanya, ya diro gari ba sanarwa. Ba ya tambayar kowa. Gindin famfo yake zuwa ya duba ƙasa. Maganarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya haddace ta: "Famfon da ba taɓo a gindinsa, ƙarfe ne kawai."

To, ga abin da ya faru a garinmu.

A lokacin tafki muke sha. Da damina ya cika, mu ɗebo, mu tace da gefen zane, mu sha. Kurkunu kuwa ɗan gida ne. Ka sha shi bana, baɗi ya fito maka a ƙafa kamar farin zare, daidai lokacin noma. Ƴar farina, wadda ba na kama sunanta, damina biyu a jere yana fito mata a gwiwa. Ta biyun ta kwanta har aka yi girbi, ƙafar ta ƙi miƙewa sai da ƙyar. Majo, malamin asibiti na dispanser, ya duba ya ce mini, "In ya sake fito mata a wannan gaɓar, ki shirya yi mata sanda har abada." Yarinya ce, ko zane ba ta iya ɗaurawa da kyau ba.

Da rani sai layi ya zo kan garinmu. Ba Yaya ya tsallako da mu ba, shi ba ya haka, lokacinmu ne ya yi. Masu auna ƙasa suka kafa turke biyu, suka ce duk biyun da ruwa a ƙasa: ɗaya a bakin gari wajen gonaki, ɗaya a fili gaban masallaci, kusa da tsohuwar tsamiya. Aka tara maza aka ce su zaɓa. Mai gari surukina ne, uban mai gidana. Ya ce gaban masallaci, don alwala, kuma don baƙo in ya shigo ya gani. Yaya ya duba ya ce daidai ne, tsakiyar gari ce, kowa zai kai. Ya sa hannu. Aka haƙa, ruwa ya fito garai-garai, aka ɗora famfon ƙafa, irin wanda sai ka hau kan matakin ƙarfe ka yi ta tsalle da dukan jikinka kafin ruwa ya zubo. Aka yi buki da kiɗa.

Abin da babu wanda ya tuna, gindin tsamiyar nan nan ne majalisar dattawa. Daga an sallame asuba suke shimfiɗa buzu, ba su tashi sai magariba. Duk macen da ke garin, ɗayansu surukinta ne: uban miji, ko wan uban miji, ko ƙanen uban miji. Mu da ko muryarmu ba ma bari su ji, mu da in mun hango su muke cire takalmi mu canza hanya, mu ne za mu hau ƙarfe mu yi ta tsalle a gabansu, zane yana tashi, jiki yana rawa? Ko da wuƙa a wuya. Yara ba su da nauyin da za su danna matakin, sai sun hau biyu-biyu, kuma abin da suke ɗebowa na alwala ne. Tsofaffin mata da kunya ta sake su, gwiwa ta riga ta kama su. Da magariba kuwa komite ke sa wa famfon kwaɗo, dokar sarwis ce, don kada yara su ɓata shi. Sai muka ci gaba da yasa gindin tafki muna kwasar ɗan abin da ya tsatso, muna jiran damina. Ba mu faɗa wa kowa ba. Wa za ka faɗa wa? Kunya ba ta kai ƙara.

Gajimare ya fara taruwa a gabas ranar da Yaya ya diro. Ya wuce gindin famfo, ya tsaya. Ƙasa busasshiya ƙayau, matakin ƙarfe da fentinsa kamar jiya aka kawo. Ya gaida dattawa ya ce, "Baba, ruwan yana da ɗanɗano ne?" Surukina ya ce, "Zuma ne." "Famfon yana da nauyi?" "Lafiya lau, ɗan sarwis. Mun gode wa gwamnati."

Ya shigo wajena. Na ba shi ruwa a ƙwarya, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Bai ce daga ina ba. Ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke jan ƙafa a bakin ɗaki, ya ce, "Auta, me ya sa?" Na sunkuyar da kai. A gidan surukina nake, bango zana ne, yaya zan buɗe baki in ce shi ne? Na ce, "Yaya, ka ci abinci?" Ya ce, "To."

Bai koma Damagaram ba. Washegari ya bi dattawa ya zauna a gefen tabarma, yana sauraron hirarsu ta farashin gero da auren wane, idonsa na kan lungu. Ya ga mace ta fito da tulu, ta kai kwana, ta hango tsamiya, ta tsaya, ta juya ta bi hanyar tafki. Ya ga ta biyu. Ya ga ta uku. Kafin rana ta take ya gane.

Ya jira mutane suka ragu, ya durƙusa gaban surukina ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, kuskure na yi, ni na sa hannu. Matan garin nan ba za su taka famfo a gabanku ba. In da hali, majalisa ta ɗan matsa."

Tsohon ya dube shi daga hula har takalmi. Ya ce, "Ubana a gindin tsamiyar nan ya yi shari'a tun ba a haifi uwarka ba. Kai ka kawo ƙarfenka gindin itacena, ba ni na kai itacena gindin ƙarfenka ba. Ni ban hana kowa ɗiban ruwa ba. Ka ɗauke abinka ka kai inda suke so."

Yaya ya ce, "Famfo ake ɗaukewa, Baba, rami ba ya ɗaukuwa."

"To ni ma rami ne."

Abin da ya faru a biro, tsohon shef ɗin nan mai kuka ne ya ba ni labari ranar gaisuwa. Ya ce Yaya ya shigo da ƙura a jiki ya ce a koma a haƙa a turke na biyu. Shef ya ce masa, "Projen garin nan ya rufe. Motar haƙa tana wajen Hamdara, garuruwa na jira waɗanda ko ɗigo ba su da shi. Garin ƙanwarka ya samu ruwa, mun riga mun faɗa wa Yamai. In na ba ka rami biyu, wa zan hana ɗaya?" Yaya ya san gaskiya ce, shi ma da shi ne a kujerar abin da zai faɗa ke nan. Ya ce, "To a ba ni hutu." Shef ya ce, "Hutu da bakin damina, aiki ya yi yawa?" Ya ce, "Aikin zan je yi."

Ranar da ya dawo garinmu an yi yayyafin farko, ƙasa tana ƙamshi, gindin tafki ya fara tara ruwa. Ya zo da babbar riga fara mai aiki, irin ta zuwa idi, da hula ƙube. Ya gaida dattawa da ladabi. Ya shigo gida ya ɗauki tuluna da gammona ya fita. Na bi shi na tsaya a bayan zana, ina leƙe ta huda.

Ya cire takalmi, ya ajiye tulu a bakin famfo, ya hau mataki. Babban mutum, ɗan sarwis, mai mota da direba, ya shiga tsalle. Riga tana tashi tana sauka kamar fiffiken shamuwa, tumbi na rawa, hula ta faɗi ƙasa. Dattawa suka fashe da dariya. Wani ya ce, "A kira makaɗi, gwamnati na rawa!" Wani ya ce, "Ɗan sarwis, a ina ka koyi wannan, a lakwal?" Bai kula su ba. Tulu ya cika, ya naɗa gammo, ya ɗora a ka, ya ratsa ta gabansu ruwa na zuba masa a wuya, ya shigo ya juye a randata. Ya koma. Da randata ta cika ya shiga sashen matar wan mijina ya ɗauki nata tulun.

Dariya ta fara raguwa. Suruki fa suruki ne, ko wan matar ɗanka ne. Yadda muke jin kunyarsu, haka su ma ido ke yi musu nauyi. Na ga surukina ya juyar da fuska wajen bangon masallaci. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Haba ɗan sarwis, ya isa haka. Ina matan gidan?"

Yaya yana haki ya ce, "Kunyarku suke ji, Malam. Ni ma ina ji. Amma tafki ya fara cika, kuma dole wani ya ɗebo. Gobe ma ina nan, jibi ma, har damina ta wuce."

Surukina, bai juyo ba, ya ce, "Wai sai an yi wannan rawar ruwan ke fitowa?"

"Sai an yi, Baba."

"Babba ma?"

"Babba ma. Mai goyo ma."

Yaya ya ci gaba da tsalle, ƙarfe na kuka. Can sai tsohon ya dafa sanda ya miƙe. Ya ɗauki buzunsa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya kakkaɓe. Ya ɗaga kai ya harari tsamiya ya ce, "Tsuntsayen nan sun dame ni da kashi. Na daɗe ina faɗa, ba wanda ke ji. A kira samari su kafa mini rumfa a bayan masallaci." Ya wuce. Liman ya bi shi, sauran suka naɗe nasu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ambaci mata, ba wanda ya ambaci famfo.

Yaya ya sauko daga mataki. Ya tsinci hularsa, ya zo daidai zanar da nake, kamar ya san ina nan, ya ce, "Auta, fito ki karɓi tulunki. Aikin nan ya fi na biro wuya."

Kafin la'asar gindin famfo ya zama taɓo har idon sawu. Yaya ya tsaya yana kallon taɓon nan kamar manomi a gonar da ta yi kyau. Ya je bayan masallaci ya yi wa surukina sallama. Tsohon ya ce, "Ka wanke rigar nan, kada a ce a garina aka wulaƙanta gwamnati." Ya ba shi zabi biyu. Har surukina ya rasu ba su sake tayar da maganar ba, amma duk zuwan Yaya sai ya shimfiɗa masa gefen buzunsa.

Wahalar da shef yake faɗa daga nan ta fara. Yaya ya ce a sashensa ba a ƙara sa hannu kan turke sai ma'aikaci ya wuni a wurin, ya ga wa ke zama, wa ke wucewa, wa ke kauce wa wa. Ya nace sai da aka ɗauki mata cikin masu magana da mutane, su shiga cikin gida su tambayi masu tulu, ba a tsaya wajen masu buzu kaɗai ba. Ya ce kada a gaya wa Yamai gari ya samu ruwa sai an koma an ga taɓo. Aiki ya ƙara tsawo, direbobi suka yi gunaguni, na sama suka yi ta waya suna cewa Damagaram ta cika jinkiri. Shef ya ce mini, "Mun yi faɗa da shi ba iyaka, Hajiya. Yau yaran da ke biron haka suke yi, suna tsammani tun asali haka dokar take."

A garinmu ma haka ne. Famfon ƙafa ya tsufa an cire, ramin nan dai shi ne aka ɗora wa shato, tankin ruwa na sama mai aiki da hasken rana, yanzu murɗawa kawai ake ruwa ya zubo, ba tsalle. Kurkunu sai a labari, jikokina ba su san kamarsa ba. Amma dattawa har gobe a bayan masallaci suke zama, gindin tsamiya kuwa na mata ne. Ka tambayi saurayi dalili, sai ya ce maka haka aka taso aka gani.

Ruwan ramin nan ne matan suka ɗauko. Wadda ta shigo a gaba, da bido mafi girma a ka, ta tako tun daga tasha ba sanda ba ɗingishi, ƴar farina ce. Ita ma yau kaka ce. Tabo ne kawai a gwiwarta, baƙi, kamar ƙwayar tsamiya.

Da na kai nan a labarin, matar Yaya, wadda ta wuni ba ta yi magana ba, ta ajiye carbi ta ce a zuba mata a ƙwarya. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta ce, "A ba kowa ya sha. Abin da ya rage kada a zubar a banza, a nemi gindin itace."

Allah Ya kai rahama kabarinka, Yaya. Yadda ka jiƙa ƙasar mutane, Allah Ya sanyaya taka. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.